Ranar da Baba Ɗahiru Ya Yanka As ɗin Kawu

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Gusau, ko da fulogin babur ya zo saya, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To, Sanusi, yaya ƙasar?" Na lura kullum labarin ƙara tsawo yake yi a bakina. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, kafin in fara ƙara masa abin da bai faru ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Inna ce ta aike ni. Tana da ƙane guda ɗaya, Kawu Isa, wanda ya kama hanyar Makka ta ƙasa tun ina goye, ya yada zango a wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Na'ama, ya yi noma, ya yi aure, zangon ya zama gida. Suna gaisawa ta waya, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: zai zo bayan kaka. Bara jikin Inna ya fara ƙi, idonta ma ya yi rauni. Ta kira ni ta ce, "Muryar waya ta ishe ni. Ka je ka zo mini da Isa in taɓa shi da hannuna." Na ce mata to.

Daga Kano na shiga jirgi zuwa Hartum. A filin jirgi wani jami'i ya buɗe jakata, ya ci karo da ƙullin daddawar da Inna ta cusa mini ba da sanina ba. Ya sunsuna, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa. Na tattaro Larabcin Islamiyya na fara bayani, da wasali da komai, kamar mai karanta huɗuba. Suka dubi juna suka fashe da dariya. Na biyun ya sake sunsunawa ya ce su ma suna da irinta a miya, ya ɗaure mini ƙullin da kansa, ya ce in wuce.

Masaukin da na samu suna ce masa lokanda. Ba ɗaki ake ba ka ba, gado ake ba ka, a jere da na wasu a tsakar gida, sama ce rufinku. Na kwana da takalmina ƙarƙashin matashi, da safe na ga ni kaɗai na yi haka, na ji kunya. A bakin titi na zauna wurin wata mai shayi, ta zuba sukari har cokali ya kusa tsayawa. Na yi gunaguni da Hausa, ina zaton babu mai ji. Ta ɗago ta ce, "Kai ɗan ƙasa na? Mi ka hana ka magana tun ɗazu?" Hausarta irin ta kakanninmu ce, an yayyafa mata Larabci. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma ta tambaye ni labarin Sakkwato kamar jiya ta baro ta. Ita ta nuna mini motar da zan shiga, ta kuma ƙi karɓar kuɗin shayi.

Motar kudu ta bi da mu ta cikin Jazira, gonaki da magudanan ruwa hagu da dama. A Hasahisa aka tsaya cin abinci. Wanda ke kusa da ni a mota ya jawo ni cikin wasu mutum biyar da ban sani ba, aka kawo wake a babban kwano, an daka shi da gindin kwalba, an malala man riɗi, kowa ya sa hannu da burodi. Da aka gama na zaro kuɗi, sai rigima ta tashi. Wannan ya riƙe mini hannu, wancan ya ture na kusa da shi, wani dogo ya rantse cewa matarsa ta saku idan ba shi ya biya ba. A wurinmu idan mutum ya furta haka sai an nemi malami. A nan kuwa kowa ya mayar da kuɗinsa aljihu, dogon ya biya, auren ya tsira, muka koma mota.

Bayan Sinja sojoji suka duba takarduna a shinge, suka tambaye ni wurin wa za ni. Da na ce Isa Bagusaye, ɗayansu ya yi murmushi ya kwaikwayi rabon karta da hannunsa. Ban gane ba a lokacin.

Na isa ƙauyen bayan la'asar. Aka nuna mini wata rumfa a bakin kasuwa, aka ce nan ne nadi, wato wurin taruwar maza. Na tarar da dattawa huɗu a kan tebur, wasu sun kewaye su. Na gane Kawu nan take, don hancin Inna ne a fuskarsa. Ya miƙe ya dafa kafaɗata irin gaisuwarsu, ya rungume ni, hawaye na bin gemunsa. Sai ya ce, "Zamna nan, ɗana, in ƙare wanga hannu." Ya koma ya ɗauki kartarsa.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na ratso ƙasashe, ga kawuna da furfura yana karta a bainar jama'a, abin da a unguwarmu ko saurayi sai ya ɓuya yake yi. Daga baya na fahimci ba caca ba ce, ko sisi ba a ajewa, ƙanen liman ma yana cikin masu yi. Sunan wasan wist. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokinka yana zaune yana fuskantarka. Kowa kati goma sha uku, ci ma goma sha uku ne. Kafin a fara, kowa zai faɗi ci nawa shi da abokinsa za su iya kwashewa, daga bakwai zuwa sama, wannan ita ce tasmiya. Wanda ya fi kowa faɗa shi zai zaɓi launin da zai zama atu, wanda ƙaraminsa ma yana yanka as, wato babban kati, na kowane launi idan ba ka da irin wanda aka jefa. Idan kun cika abin da kuka faɗa kun samu maki, idan kun gaza ko da ɗaya ne an zabtare muku. Ba a magana, ba a ƙifta ido. Daga tasmiyar abokinka da katin da ya jefa za ka karanta abin da ke hannunsa.

Ƙauyukan yankin suna da gasa da suke kira dauri. Kowane ƙauye yana fitar da mutum huɗu, a zauna tebur biyu, a haɗa maki. Ƙauyen su Kawu ya kai wasan da idan sun ci za su wuce zagaye na gaba a Damazin, wanda ba a farawa sai an gama yankan riɗi.

Da muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, na isar da saƙon Inna, ban rage komai ba. Kawu ya ce, "In sha Allahu, bayan dauri."

Na ce, "Kawu, da bayan kaka ne, yanzu kuma bayan karta? Yayarka fa ba ta da lafiya."

Ya ce, "Ba karta ba ce, Sanusi. Ɗahiru ne."

Baba Ɗahiru shi ne abokin wasansa tun zuwansa ƙasar. Haifaffen nan ne, kakanninsa suna cikin waɗanda suka yi hijira daga Sakkwato zamanin zuwan Turawa. Shi ya ba Kawu masauki yana baƙo, shi ya nema masa gona, shi ya tsaya masa a aure. Yanzu mantuwa ta kama shi. Yakan kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, yakan fita masallaci ya rasa hanyar gida. Amma idan aka zaunar da shi a tebur, ya ga Kawu a gabansa, sai ya dawo mutum. Kawu ya ce, "In na tafi, ba mai zama da shi. Ɗaki za su kai shi su ja ƙofa. Halas, shi ke nan."

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, duka biyun a zama ɗaya.

Haka na zauna jiran ranar wasa. Kowace safiya Baba Ɗahiru yakan zo shan shayi gidan Kawu, doguwar jallabiyarsa fara tas, ya dube ni da fara'a ya ce, "Kai ɗan wa na? Mi yak kawo ka?" Ni kuma in ce, "Baba, ni ɗan yayar Isa ne. Tana kwance ba lafiya, tana son ganinsa." Sai ya girgiza kai ya ce, "Allah shi ba ta lafiya." Gobe ya sake tambaya, in sake faɗa. Tun ina gajiya har na saba, har na fara ƙara masa bayani: yadda Inna ta goyi Kawu bayan rasuwar uwarsu, yadda har yau take ajiye masa kason naman layya sai ya bushe. Na ɗauka duk a iska nake zubawa.

Da yamma nakan bi su nadi. A nan na ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar. Idan aka gama wasa ba a watsewa. Sai a kawo gahawa, a baje katin hannun da aka fi gardama a kansa a buɗe, a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Suna ce wa wannan tashrihi, wato fiɗa. Me ya sa ka ce takwas ba bakwai ba? Me ya sa ka fito da sarki alhali as bai faɗi ba? Mutanen da ba sa tuna abin da suka ci da rana sai ka ji suna kawo hannun da aka yi bara, kati bayan kati. A wurinmu idan an gama dara, wanda aka ci ya yi shiru, wanda ya ci ya yi ba'a, shi ke nan. Su kuwa fiɗar ta fi wasan daɗi a wurinsu.

Mu'awiya, direban tarakta, shi ne shugaban 'yan wasan ƙauyen. Mutumin kirki ne, amma yana son cin kofin daurin nan kamar ransa. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Ya zol, ɗan'uwa, kawunka goyon Hajj Ɗahiru yake yi. Ka lura da hannunsa. In kansa na nan, buga kati shi kai har kofuna su yi ƙara. In hazon ya taso, sai ka ga ya aje shi a hankali yana duban fuskokin mutane. To kwanan nan ajewa ta fi bugawa yawa." Na lura, na ga haka ne. Na kuma lura cewa duk ranar da Baba Ɗahiru ya yi kuskure, a wurin fiɗa Kawu ne ke riga kowa magana. Zai ce tasmiyarsa ce ta yi yawa, ko shi ya ɓatar da abokinsa da katin da ya fara jefawa. Kowa ya san ba haka ba ne, kowa kuma sai ya gyaɗa kai.

Ranar wasa baƙi suka zo daga wani ƙauye na hayin kogi, a bayan akori-kura, da 'yan rakiyarsu. Aka yi musu agashe, wanda tsirenmu ne ya yi hijira ya canja suna. Bayan azahar aka zauna. A zuciyata ban san wanda nake goyon baya ba. Idan su Kawu suka ci, Inna za ta jira har bayan riɗi, kuma ban tabbata tana da wannan lokacin ba. Idan aka ci su, na san a kan wa laifin zai faɗa.

Baba Ɗahiru ya tashi da ƙafar dama ranar. Katinsa sai ƙara yake yi a kan tebur. Teburin su Mu'awiya ya tashi kusan kunnen doki, saboda haka kowa ya dawo ya kewaye na su Kawu, aka zo hannun ƙarshe. Kawu ya duba katinsa ya ce takwas, ya fito da launin da suke kira dinari, shi ne atu. Aka yi ta fafatawa har kati ya rage uku-uku a hannun kowa. Su Kawu suna da ci shida, saura biyu. Atu duk ya faɗi sai guda ɗaya, kuma duk mai lissafi a wurin ya san yana hannun Baba Ɗahiru. Ni ma da na koya jiya-jiya na sani.

Kawu ya jefa as na baƙin launi. Babu mai iya cinsa, ci na bakwai ke nan. Abin da ya rage wa Baba Ɗahiru, tunda ba shi da wannan launin, shi ne ya yar da wani katin banza, ya adana atunsa ya yanka na gaba, takwas ta cika. Ya dubi as ɗin, ya dubi Kawu. Sai ya ɗaga hannu sama ya buga atun nan a kan as ɗin abokinsa, har kofin shayin da ke gefen tebur ya yi tsalle.

Kati biyu masu ci sun tafi a ci ɗaya. Baƙi suka kwashe biyun da suka rage, ko murna ba su iya yi ba. Mu'awiya ya cire hularsa ya fita, ya daɗe kafin ya dawo.

Aka kawo gahawa, aka baje katin. Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Laifina ne, jama'a. Hannun bakwai gare ni, kwaɗayi ya sa na ce takwas." Dattijon baƙin ya ce, "Sahih, takwas ta yi nauyi." Mutumin da aka ba nasara a hannu, ga shi yana taya rufa asiri. Na ji ƙaunar mutanen nan ta kama ni.

Baba Ɗahiru ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Isa. Bari." Ya jawo katin gabansa ya fara bin wasan tun daga farko. Wane ya jefa kaza, wane ya bi da kaza, a nan Isa ya ja atu, a nan aka tilasta masa yanka. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba har ya iso kan as ɗin. Ya ɗora yatsa a kansa ya ce, "Takwas ɗinka daidai ta. Ni na yanka. Na ɗaga kai na ga wani mutum zamne gabana, ban san shi ba. Na ce wanga as na abokin gaba na."

Kawu ya buɗe baki, Baba Ɗahiru ya riga shi. "Ka gani, ni na fara mance ka. Waccan da ke kwance Gusau, wadda ta goye ka, ba ta mance ka ba ko rana ɗaya. Tashi ka tafi wurin wanda ya san ka." Ya juya ga Mu'awiya ya ce, "Kai kuma ka samo wani ya zamna kujerata badi. Ni gefe zan koma, in riƙa gaya muku kurakuranku." Mu'awiya ya durƙusa ya kama hannunsa ya sumbata, ya ce kujerar gefen tana nan, shi da kansa zai riƙa ɗauko shi kullum.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ashe abin da nake faɗa masa kowace safiya yana shiga wani wuri ya zauna.

Shirin tafiya bai ɗauki lokaci ba, don ashe fasfon Kawu ya daɗe a shirye, tafiyar ce kawai ta gagara. Matarsa ta cika mana jaka da karkade da riɗi, ta ce a kai wa yaya. Da safen da za mu tashi Baba Ɗahiru ya zo shan shayi kamar kullum. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan wa na?" Na faɗa masa. Ya ce Allah shi ba ta lafiya. Kawu ya rungume shi ya daɗe bai sake shi ba, shi kuwa yana ta bubbuga bayansa yana murmushi, ban san ko ya gane sallama ake yi ba.

A mota ina gefen Kawu har muka wuce Sinja. Ina ganin yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, na san hannun nan yake sake bi. Can ya juyo ya ce, "Sanusi, kana wurin. Da ya yanka as ɗina, aje katin ya yi ko bugawa?"

Na ce, "Bugawa ya yi, Kawu. Har kofi ya yi tsalle."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ni ma na ji. Kuma kafin ya buga ya dube ni cikin ido. Wanda bai san ni ba ba ya yi mini wannan kallon." Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Tun da muke bai taɓa yi mini ƙarya a wurin fiɗa ba sai ranar nan. Ja'irin tsoho. Ya san sarai as ɗin wa yake yankawa." Ya juya fuskarsa wajen taga, ya ja gefen rawaninsa ya rufe ido, ni kuma na ƙyale shi.

Mun iso Gusau da hantsi. Inna tana kwance a ɗakinta. Kawu ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ba ta amsa sallamar ba ma, sai ta ce, "Isa, matso." Ya durƙusa a gaban gadon. Ta bi fuskarsa da tafin hannunta, goshi, hanci, gemu, ta ce, "Ka tsufa." Ya ce, "Ke ma, Yaya." Suka yi dariya, suka yi kuka, muka fita muka ba su wuri.

Masu tambayata yaya Sudan, to ga abin da na gani. Kawu yana nan gidanmu, kullum yana gefen gadon Inna, ita kuma ta fara cin abinci. Jiya da yamma ya kira Mu'awiya a waya, na ji ana hayaniyar nadi a bayansa. Aka miƙa wa Baba Ɗahiru. Kawu ya ce, "Ɗahiru, Isa ne." Sai muryar tsohon ta fito, da fara'arta kamar kullum: "Isa wane?" Kawu ya rufe ido. Sannan ya gyara zama, ya ce, "Wanda ka yanka wa as," ya fara ba shi labarin hannun tun daga katin farko.